Vibe, Matrix ko Corolla: ina aka ƙera injin, kuma wacce ya kamata ka saya?

Duk wanda ya taɓa zagaya wajen masu sayar da motocin Beljiyam, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja ko ma can Kwatano, ya san maganar nan da dillalai suke yi da zarar an ɗaga bonet, "Alhaji wannan fa injin Japan ne". Shi ke nan sai ka ga hankalin mai saye ya kwanta, wani ma ko sandar baƙin mai ba zai zaro ya duba ba. Abin yana damuna gaskiya, don kuɗin mota yanzu ba ƙaramin abu ba ne, wani gona ya sayar, wani adashi ya ɗauka, wani kuma da motar zai riƙa ciyar da gida. Shi ya sa nake so mu zauna a kan motoci uku ɗin nan da mutanenmu suka fi rububi, Pontiac Vibe da Toyota Matrix da Corolla, na tsakanin 2003 zuwa 2010, mu ga ina aka yi su, waye ya ƙera injin da ke ciki, sannan wacce ta dace da wane irin mutum.

Abu na farko da zai ba wasu mamaki, mafi yawan waɗannan motocin da suke zuwa mana daga Amurka, injinsu bai taɓa shaƙar iskar Japan ba. Toyota tana da masana'antar inji a wani ƙaramin gari da ake kira Buffalo a jihar West Virginia, ta fara fitar da inji a 1998, kuma injin 1.8 ɗin nan da ake kira 1ZZ wanda bakanikenka yake yabo safe da yamma, a can aka riƙa haɗa shi don motocin kasuwar Amurka da Kanada. Akwai wata babba a Georgetown ta jihar Kentucky, ita ta fara fitar da Camry tun 1988 kuma a zamanin waɗannan motocin tana yin nata injin a cikin gida, mai silinda huɗu da mai shida. Akwai ta Huntsville a Alabama da ta fara aiki a 2003 da manyan injina na su Tundra. A Japan ɗin kuma akwai Kamigo da ke birnin Toyota wadda tun 1965 aikinta ke nan, da Shimoyama, da Tahara inda ake yin su Prado da wasu Lexus. Masu son motocin Turai su ma haka, Carina E da Avensis da suka cika tashoshinmu har Maraɗi da Damagaram a Burnaston ta Ingila aka haɗa su, kuma Toyota ta buɗe masana'antar inji a Deeside ta yankin Wales tun 1992 don ta riƙa ciyar da ta Burnaston ɗin. To ka ga kalmar "injin Japan" ba ta gaya maka komai ba tukuna.

Amma fa maganar ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe. A Japan akwai binciken lafiyar mota mai tsauri da tsada wanda ake yi lokaci-lokaci, shi yake sa mutane da yawa su rabu da mota tun ba ta ci hanya sosai ba. Motocinsu kuma sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa a Najeriya tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da mota mai sitiyari a hagu, Nijar ma haka take, saboda haka motar Japan ba ta cika shigo mana ɗungurungum ba, sai dai a yanka ta a kawo inji da giya da rabin jiki. Irin waɗannan injinan da ake saukewa a kasuwar Ladipo ta Legas su taho Ƙofar Ruwa da Panteka sau da yawa suna da sauran ƙarfi sosai, mutum ya ɗora ya ji daɗi, daga nan sunan ya bi gari. Amma abin da ya sa suka yi kyau shi ne ba su wahala ba, ba wai don ƙasar da aka narka ƙarfen ba.

Yanzu Vibe. Mutane da yawa har yanzu suna ɗari-ɗari da ita don sun ga tambarin Pontiac, suna cewa motar Amurka ce, kayan gyara za su yi wuya. Labarinta shi ne, kamfanin General Motors yana da wata masana'anta a Fremont ta jihar Kalifoniya wadda ya rufe a 1982 saboda rigingimun ma'aikata da rashin ingancin abin da take fitarwa. A lokacin ita kuma Toyota tana fuskantar takunkumin yawan motocin da Japan za ta iya turawa Amurka, tana neman ta gwada ko za ta iya yin mota a can da ma'aikatan can. Sai suka haɗa hannu suka sake buɗe wurin a 1984 da sunan NUMMI, aka ɗebi ma'aikata, da yawansu tsofaffin ma'aikatan da aka sallama ne, aka kai su masana'antar Takaoka a Japan suka koyo yadda Toyota take aiki, suka dawo. Ma'aikata dai su ne na da, gini shi ne na da, amma motocin da suka fara fitowa suka zama cikin mafi inganci da General Motors take sayarwa. Ni wannan labarin kaɗai ya ishe ni hujja cewa tsarin aiki da zanen inji su ne magana, ba launin fatar wanda ya ɗaure noti ba. A wannan masana'antar aka yi Corolla da Tacoma da Geo Prizm, kuma a nan aka yi duk wata Vibe da ka taɓa gani, daga 2002 har zuwa 2009 lokacin da General Motors ta durƙushe ta yanke shawarar kashe sunan Pontiac gaba ɗaya. An rufe masana'antar a Afrilun 2010, Tesla ta saye ta, yanzu motocin lantarki ake yi a wurin. Har ma akwai lokacin da Toyota take kwasar Vibe daga Kalifoniya ta kai Japan ta sayar wa mutanenta da sunan Voltz, wato Japanawa da kansu sun hau abin da wasu a nan suke rainawa.

Matrix kuma a Cambridge ta lardin Ontario a Kanada aka haɗa ta, ita da Vibe uwa ɗaya uba ɗaya ne, inji ɗaya, giya ɗaya, ƙafa ɗaya, kuma dukkansu a kan gindin Corolla aka gina su. Corolla ɗin kanta ta wancan zamani wurare uku take fitowa zuwa kasuwar Amurka, wata Fremont, wata Cambridge, kaɗan kuma daga Japan.

Idan kana son ka san inda aka haɗa wadda ke gabanka ba sai ka tambayi kowa ba, duba lambar shasi a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Idan ta fara da J to Japan ce, idan 2 ce Kanada, idan 1 ko 4 ko 5 Amurka. Corolla ta Fremont tana farawa da 1NX, ta Kanada da Matrix 2T1, ta Japan JTD, Vibe kuma 5Y2. Harafi na goma shi ne shekara, 3 tana nufin 2003, 8 tana nufin 2008, A kuma 2010, wannan ma ya fi amfani don ana yawan canja wa mota fitilu da bamba a ce maka sabon yayi ce. Sai dai ka riƙe cewa lambar shasi wurin haɗa mota take nunawa, ba wurin ƙera inji ba, kuma ba za ta gaya maka ko an taɓa sauke injin an ɗora wani ba.

Abin da ya kamata ka tambaya shi ne wane inji ne a ciki, don a cikin motocin nan uku injina huɗu ne suke yawo, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar da ke tsakanin Vibe da Matrix nesa ba kusa ba.

Na farko 1ZZ, mai lita 1.8, shi ne a yawancin na 2003 zuwa 2008. Ƙarfinsa wajen doki 130 ne, ba na tsere ba ne, amma shi ne injin talaka na gaskiya. Sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, shan mansa da sauƙi, babu bakaniken da bai san cikinsa ba daga Sakkwato har Maiduguri, idan kwil ya mutu ko fulogi ko famfon ruwa a kowane gari mai ɗan girma za ka samu. Laifinsa sananne ne, na farko-farkon da aka yi daga 1998 zuwa wajen 2002 suna da matsalar shan baƙin mai, ramukan da mai yake bi ya koma ƙasa a jikin fistin sun yi ƙanana, idan suka toshe da dauɗa sai rin ya maƙale, mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa. Toyota ta yi ta gyara zanen fistin ɗin a shekarun da suka biyo baya, shi ya sa ni idan an ba ni zaɓi na fi karkata ga na 2006 zuwa 2008. Su kuma na 2005 zuwa 2008 suna da nasu tabon, kwamfutar injin da muke kira birenbos tana iya tsagewa ta ciki mota ta riƙa mutuwa a kan hanya ko ta ƙi tashi, har a 2010 Toyota ta kira Corolla da Matrix sama da miliyan ɗaya don a canja musu, General Motors ita ma ta kira Vibe. Da yawa an canja musu tun suna can, amma ba duka ba, to idan mota tana mutuwa haka kawai kuma an duba mai da wuta lafiya, a tuna da wannan kafin a fara kwance inji. Wani bambancin kuma, na 2003 da 2004 totur ɗinsu na waya ne, daga 2005 yawancinsu na lantarki ne, wannan yana da muhimmanci ranar da za ka sayi injin Beljiyam ka ɗora, don ba kowanne ne zai zauna kai tsaye ba sai an yi musanyar wasu kaya.

Na biyu 2ZZ. Shi ma 1.8 ne, a ido kamar ɗan'uwansa, amma wani abu ne daban. Wannan Toyota da Yamaha ne suka haɗu suka tsara shi, Yamaha dai ta babur da ka sani, sun daɗe suna taya Toyota aikin kan inji na motocin gudu, kuma wannan kam daga Japan yake zuwa. Yana cikin Vibe GT da Matrix XRS na 2003 zuwa 2006 da Corolla XRS ta 2005 da 2006, da farko doki 180 aka rubuta masa, har kamfanin Lotus na Ingila ya ɗauke shi ya sa a ƙaramar motarsa ta tsere. To ga injin Japan na asali, amma wallahi ba zan ba mai neman motar iyali ko ta haya shawarar ya saya ba. A kusan duk waɗannan motocin da giyar hannu mai shida yake zuwa, ƙarfin nasa ba ya fitowa sai allura ta haura dubu shida, a cikin gari ba za ka ji ya fi 1ZZ da komai ba, an tsara shi ne don fetur mai daraja ta sama wanda ba shi muke samu a gidajen manmu ba, kuma ranar da ya lalace neman kayansa aiki ne. Sai dai matashin da yake son mota don sha'awa kuma ya san abin da ya ɗauko.

Na uku 2ZR, shi ne 1.8 na sabon jiki, 2009 da 2010 a Vibe, a Matrix da Corolla kuma ya ci gaba bayan nan. Doki 132, shi ma sarƙa, shi ma an riƙa yin sa a West Virginia, ya fi 1ZZ laushi da shiru kuma bai gaji waccan matsalar fistin ɗin ba. Abin da aka fi kama shi da shi famfon ruwa ne da yake fara yoyo, sai wata 'yar ƙara da wasu suke yi na daƙiƙa ɗaya ko biyu idan an tayar da su da safe. Yana son baƙin mai marar kauri, a kan murfin ma an rubuta, 0W-20 ko 5W-20, mu kuma mun saba duk motar da ta shigo gareji a ɗura mata 20W-50 a ce ai ƙasarmu da zafi. Hanyoyin mai na cikin wannan injin sirara ne, mai kauri ba ya isa inda ya kamata da wuri, musamman da sanyin safiya lokacin hunturu. Sitiyarin waɗannan kuma na lantarki ne, babu famfo babu man sitiyari, wani yana ganin sauƙi ne wani yana ganin ƙarin abin da zai kai shi wajen mai waya.

Na huɗu shi ne wanda nake so a buɗe kunne, 2AZ mai lita 2.4. Injin Camry ne, shi ne a cikin Camry ɗin da muke kira Big Daddy da Muscle masu silinda huɗu, aka ɗauko shi aka sa a Vibe da Matrix na 2009 zuwa sama masu ɗan matsayi, da Corolla XRS ta lokacin. Doki 158, ka taka ka ji mota ta amsa, da kaya da mutane a hawan Jos ba ta nishi. Kuma a lura, Vibe GT ta 2009 wannan injin ne a cikinta ba na Yamaha ba, suna ɗaya ne amma inji daban. Matsalarsa shan baƙin mai, kuma ba jita-jita ba ce, Toyota da kanta ta amince, ta fitar da sanarwa ga garejinta, daga baya ta tsawaita garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000 don a canja fistin da rin ga motar da aka gwada aka ga tana shanye kusan lita guda a mil 1,200. Wannan garantin ya ƙare tuntuni, kuma da ma bai taɓa zuwa nan ba. To a nan ne maganar Japan take rushewa gaba ɗaya, don cikin motocin da abin ya shafa akwai Camry ta Kentucky, akwai kuma RAV4 ta 2006 zuwa 2008 da motocin Toyota masu tambarin Scion, xB da tC, waɗanda a Japan aka haɗa su. Zanen fistin ɗin ne da laifi, duk inda aka ƙera shi haka zai yi. Ba kowane 2AZ ne yake sha ba, akwai masu lafiya ƙalau, amma kai da kake saye bayan shekara goma sha ba ka san wanne ka ɗauka ba sai ka yi tafiya da shi. Wanda ya riga ya saya, ya mayar da duba sandar mai al'ada duk sati, yawancin injinan nan ba shan man ne yake kashe su ba, ƙarewarsa ne ba a sani ba.

Don adalci, akwai lokacin da wurin haɗa mota ya yi tasiri. A farkon 2010 da aka yi babban kiran nan kan fedar totur mai maƙalewa, wanda ya haɗa da Corolla da Matrix da Vibe na 2009 da 2010, fedar da ke da matsalar wani kamfanin Amurka mai suna CTS ne ya yi ta, motocin da aka haɗa a Japan kuma na kamfanin Denso na Japan ne a jikinsu, shi ya sa aka ce masu lambar shasi da ta fara da J ba sa ciki. Wannan gaskiya ne kuma masu cewa Japan ta fi suna da abin kamawa a nan. Amma a ɗaya hannun, jakar iska ta Takata da ta jawo kira mafi girma a tarihin motoci, wadda take iya fashewa ta watso ƙarfe a fuskar mutum, kamfanin Japan ne ya yi ta, tana kuma cikin Corolla da Matrix da Vibe na 2003 zuwa 2008 a ɓangaren fasinja, kuma zafi da laima su ne suke lalata ta. Wannan ya shafe mu kai tsaye, wanda zai iya ya sa a duba masa lambar shasi a intanet a ga ko an canja ta kafin motar ta baro can.

To idan inji ɗaya ne, me ya rage tsakanin ukun? Jiki da kasuwa. Corolla ita ce kuɗi a hannu, yau ka ce za ka sayar gobe an biya, fitila da bamba da madubi da gilashi duk a wadace, na Beljiyam da sabo ɗan China, kowane aljihu da nasa. Ta fi sauƙin nauyi kaɗan kuma ta fi ƙasa-ƙasa, saboda haka ta ɗan fi su sauƙin mai a doguwar tafiya. Amma farin jinin nata shi ne yake sa ta tsada, kuma shi ne yake sa ɓarayi suka fi sa mata ido, sannan but ɗinta but ne na mota ƙarama, ba za ka sa injin ban ruwa ko firiji a ciki ba. Vibe da Matrix kuma bayansu a buɗe yake, kujerun baya suna kwanciya su yi daidai da daɓen, daɓen kuma roba ce mai tauri a na farkon, ka ɗora buhu ko jarka ka share da tsumma, har kujerar gaba ta fasinja tana ninkewa idan za ka ɗauko abu mai tsawo, a na farkon gilashin baya ma yana buɗewa shi kaɗai. Zamansu ya fi tsayi, dattijo ko mai ciwon gwiwa ya fi jin daɗin shiga da fita. Abin da za ka haƙura da shi shi ne ƙara, sun fi Corolla shigo da ƙarar hanya cikin mota, robobin ciki kuma idan suka tsufa suna kaɗawa.

Tsakanin Vibe da Matrix kuwa, duk abin da yake ƙarƙashin bonet da ƙarƙashin mota kusan na Toyota ne, idan ka je kasuwa ka ce na Matrix ko na Corolla za a ba ka ya zauna. Inda suka rabu shi ne fatar jiki, fitilun gaba da na baya, bamba, fenda, ƙofar baya, waɗannan na Vibe nata ne ita kaɗai, kuma tunda an daina yin ta tun 2009 kamfanin ma babu shi, dogaronka yana kan na Beljiyam. A manyan garuruwa ba matsala ba ce don motar ta yi yawa a ƙasar nan, amma wanda yake ƙauye mai nisa ko wani gari a Nijar da ba a cika ganinta ba, ƙaramin karo zai iya sa shi jiran fitila daga Kano. Vibe ta farko tana zuwa da ƙarfen ɗaura kaya a rufi, kuma bambarta ba ta sauka ƙasa kamar ta wasu Matrix masu siket ɗin roba a gefe da gaba, waɗanda hanyoyinmu suke cirewa tun a watan farko. A da Vibe ta fi araha saboda mutane ba su gane ta ba, yanzu kam an gane, kada ka shiga kasuwa da tunanin za ka same ta a banza.

Akwai masu jan ƙafa huɗu a cikin Vibe da Matrix, za ka ga an rubuta AWD a baya. Don ƙanƙarar Kanada da arewacin Amurka aka yi su, ba don yashi ko laka mai zurfi ba, motar ba ta da tsayin da za ta shiga inda Hilux take shiga. Ta fi nauyi, ta fi shan mai, a ta farkon ma ƙarfin injin an rage shi kaɗan, ga ƙarin kaya a ƙasa da za su iya lalacewa, a sabon jikin kuma dole da 2.4 take zuwa. Ni dai ban ga ribarta ga mai yawo a kwalta ba. Kuma tunda an ambaci ƙanƙara, duk wadda za ka saya a cikin ukun ka sa a ɗaga ta ko ka kwanta ka leƙa, gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi yana cinye ƙasan mota, sama tana sheƙi ƙasa ta ruɓe, wannan ya fi inda aka yi inji muhimmanci sau goma.

Idan ni ne zan zaɓar wa mutum, mai haya ko ma'aikacin da yake son motar da zai iya sayarwa duk ranar da buƙata ta taso, Corolla mai 1ZZ ta 2006 zuwa 2008, ko mai 2ZR idan aljihu ya kai. Mai iyali da yake zuwa gida duk ƙarshen wata ya dawo da buhun masara, ko ɗan kasuwa mai ɗaukar kaya, Vibe ko Matrix mai 1.8 mai jan gaba kawai, wadda ta fi lafiya a cikin biyun da ka samu a gabanka ita ce taka, kada tambari ya sa ka bar mai kyau ka ɗauki gajiyayya. Mai 2.4 kuwa sai idan ka san mai ita, ko an yarda ka yi doguwar tafiya da ita ka auna mai kafin da bayan, ko kuma an rage maka kuɗin da zai isa aikin rin.

Wani abu kuma da ya kamata masu saye su sani, haɗin gwiwar nan ba gefe ɗaya take tafiya ba. Yadda Vibe take Toyota a cikin rigar Pontiac, haka akwai motoci masu tambarin Toyota da cikinsu na wani ne, kuma sun fara shigowa. Yaris mai but ta Amurka ta 2017 zuwa 2020 Mazda2 ce, a Meziko aka haɗa ta da injin Mazda, mota ce mai kyau amma kayan Yaris ɗin da ka sani ba za su hau ta ba. Sabuwar Starlet da aka fara sayarwa a Afirka a 2020 Suzuki Baleno ce daga Indiya, ba ta da alaƙa da tsohuwar Starlet da muka sani a tasha, haka Rumion ita ce Suzuki Ertiga. Verso da Avensis na ƙarshe-ƙarshe masu shan gas, daga wajen 2014 da 2015, injin BMW ne a ciki. Toyota 86 Subaru ce ta haɗa ta da injinta, sabuwar Supra kuma a Ostiriya aka haɗa ta da injin BMW. A ɗaya gefen, Peugeot 107 da Citroën C1 masu fetur a masana'anta ɗaya aka yi su da Toyota Aygo a garin Kolin na ƙasar Cek, da ƙaramin inji mai silinda uku na gidan Toyota. Har Camry ma, wasu daga cikin na 2007 zuwa 2016 a masana'antar Subaru ta jihar Indiana aka haɗa su, lambar shasinsu tana farawa da 4T4, sai dai su injinsu na Toyota ne.

Ranar da za ka je dubawa ka tafi da bakaniken da kai kake biyansa, ba na mai mota ba, kuma ka ce kada a tayar da ita kafin ku iso, don inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara ko hayaƙi. Sunan injin yana jikin takardar da ke manne a cikin bonet, a karanta a tabbatar ya yi daidai da abin da ke zaune a wurin. A buɗe murfin baƙin mai a haska ciki, idan ka ga baƙin abu ya daskare kamar kwalta to ba a yi mata sabis a kan lokaci ba, a bar ta ko da J goma ne a lambar shasinta. A sa yatsa a bakin salansa a ga ko akwai maiƙo, a bar ta ta yi zafi har fanka ta tashi ta tsaya da kanta, a jona kwamfuta a ga ko ba a goge wasu laifuka da safen nan ba, sannan a fita da ita titi a ji yadda giya take shiga daga ta ɗaya har ta ƙarshe, da AC a kunne.